Littafin Japan da Ya Kai Ni Sabon Gari Ido a Ɗaure

Tun da na dawo ba ku bar ni na sha iska ba. In na fito ɗiban ruwa, "Bukar, yaya Sabon Gari?" In na je sayo wa Inna goro, "Bukar, da gaske an ɗauka gawa ce kai?" Jiya har a bakin masallaci aka riƙe mini riga. To ga shi na rubuta sau ɗaya, da manyan baƙaƙe kamar yadda aka umarce ni. Kowa ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi.

Na san abin da wasunku za su ce: daga Fagge zuwa Sabon Gari ai ko akuya tana zuwa ta dawo kafin azahar. Gaskiya ne. Amma akuya da idonta take tafiya. Ni kwana uku na yi da tsohon rawanin Baba naɗe a fuska, saboda haka mai son labarin kyan gine-gine ya je ya tambayi akuyar.

Kun san Kawu Saje Modu, ƙanin Inna, wanda ya je yaƙin Bama ya dawo da lambobi uku da tarin da ba ya jin magani. Abin da ba ku sani ba shi ne ɗan littafin da ke aljihunsa na ƙirji shekara goma ke nan. Wani sojan Japan ne ya ba shi. An kama mutumin ba shi da lafiya, aka sa Kawu gadinsa, Kawu ya riƙa ba shi ruwa da rabin shinkafarsa. Ran nan mutumin ya miƙo littafin da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, ya faɗi wata magana. Washegari ya mutu. Littafin ba bango, ba hoto ko ɗaya, shafi talatin da biyu, a na ƙarshe kuma akwai layi biyu da mutumin ya rubuta da fensir. Wani lokaci Kawu ya ce wasiyya ce, wani lokaci ya ce asirin tsarin harsashi ne. Abin da yake so a duniya ɗaya ne: ya san me aka ba shi kafin tarin nan ya kai shi.

Ni kuwa da bakina da ba ya zama wuri ɗaya na ce, "Kawu, ba ni wata shida, zan karanta maka."

"Kurtu," in ji shi, don haka yake kirana, "Jafananci fa ba wasa ba ne."

"Ta ina ake buɗe littafin?"

"Ta dama."

"To ai irin namu ne."

Ku da kuka san gidanmu kun san yadda muke karatu tun kakanninmu na Barno. Ka rubuta a allo, ka haddace, ka wanke, ka sake rubutawa da ka. Ma'ana daga baya take zuwa, in lokacinta ya yi. Ban ga dalilin da zai sa Jafananci ya fi ƙarfin wannan hanya ba. Kawu ya koya mini iyakar abin da ya sani, kalma uku: ɗaya "tsaya", ɗaya "ruwa", ta ukun ya ce zagi ce, sai na yi aure. Sauran kuwa ni na raɗa wa kowane harafi suna. Akwai Tsani Ya Faɗi, akwai Tsohuwa da Sanda, akwai Bukka Mai Taga Biyu. Babbansu shi ne Sarkin Ƙaya, zane ashirin da ɗaya cunkushe a wurin da bai kai ƙwayar gero ba. Ba shafin da ba ya ciki sau biyar ko shida. Ni da Kawu muka yanke cewa sunan sarkinsu ne, har Kawu yakan gyara zama in na zo kansa.

Don kada Baba ya gani, a ɗakin hatsin Inna nake karatun, inda haske ke shigowa ta wata kafa kamar bakin buta. Daga hantsi zuwa la'asar, wata bakwai. A wata na biyar ido ya fara yaji. A na shida ya yi ja har yaran unguwa suka daina tsokanata. A na bakwai na fara ganin baƙaƙen ko'ina: a bango, a cikin tuwo, a goshin ladan. Ran da abin ya ƙare, na durƙusa a tsakar gida na gai da turmi gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali, ina zaton Gwaggo ce ta zo daga Rijiyar Lemo.

Inna ta gwada kwalli. Ta gwada zuma, ƙudajen Fagge kaf suka zo dubiya. Daga nan Baba ya shiga ɗakin hatsi da kansa ya fito da allona. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya kwantar da shi.

"Tururuwa ce ta faɗa tawada ta bi ta kan allon nan?"

"Jafananci ne, Baba."

Aka kira Kawu. Baba ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronsa. "Modu, kai ka lalata shi, kai za ka kai shi wurin mai tabarau a Sabon Gari. Littafin nan kuma, ran da ya sake shigo mini gida, a murhu zai kwana."

Haka muka kama hanya ran Asabar bayan azahar. Kawu ya maƙala lambobinsa, littafi a aljihu, ni a bayan keke an naɗe mini kai tun daga goshi har haɓa, don ko hasken rana ba na iya jurewa. Inna ta ƙara lulluɓe ni da farin mayafi saboda iska. Kawu a keke ba ya kauce wa rami, wai soja ba ya kauce wa abokin gaba. Na ƙirga rami goma sha ɗaya da ƙashin bayana, da tunkiya guda wadda ita ma, ga alama, tsohuwar soja ce.

A bakin titin da ya raba Fagge da Sabon Gari, wato kan iyaka, aka busa mana usur. Ɗan doka ne.

"Kai mai keke! Gawar wa ka ɗauko haka ba makara?"

"Ba gawa ba ne, ɗan 'yar'uwata ne."

"Ɗan 'yar'uwa ba ya mutuwa ne?"

Mutane suka taru. Wata tsohuwa ta fara salati. Na ga dai ba a taɓa girmama ni haka ba, sai na ƙame na daina numfashi, har na ɗan karkata gefe. Wani ya ce, "Allah sarki, da ganin ƙafarsa yaron kirki ne." Ƙurar mayafi ce ta tona ni. Na yi atishawa ɗaya, na ji takun mutum kamar ashirin sun watse, usur ya faɗi ƙasa. Kawu ya taka keke muka tsallaka ba tare da an duba mana komai ba.

Hanci ne ya fara gaya mini mun shiga wata ƙasa: manja, busasshen kifi, burodi mai zafi. Sai kunne: garmaho uku suna kiɗa uku a lokaci guda, ba wanda ya ce wa wani ya rage. Gaisuwarsu kuwa abin tausayi ce. Mutum ya jefo maka kalma ɗaya ya wuce. Wani da ya gai da Kawu, ni ina kan "ina gajiya" shi ya kusa tasha.

Muka tarar da kantin mai tabarau a rufe. Maigadi ya ce Asabar rabin rana ake yi, Lahadi kuma ba a buɗewa, sai Litinin.

"Mu koma gida, Kawu."

"Da littafin? Ka manta murhu? Kurtu, ba a ja da baya. A nan za mu yi sansani."

Sansanin gidan Mama Komfot ne, matar wani kofur da suka yi yaƙi tare, wanda yanzu yake aikin jirgin ƙasa a Nguru. Gidan haya ne, ɗakuna a jere kamar haƙora, iyali goma sha biyu, famfo ɗaya. Babu zaure. Kafin ka gama sallama kana tsakiyar wankin mutane. Mama Komfot mai ƙosai ce, ko da yake su akara suke cewa, kuma muryarta ta fi garmaho ukun nan haɗe.

"Saje! Kai bai mutu ba? Wannan wane ne ka ɗaure kamar kan akuya?"

Ta sa mana teba da miya. Teba ba laifi, tuwo ne da bai samu tarbiyya ba. Amma a cikin miyar na cafko wani nama, na tauna, na tauna, har na soma zargin tayar keken Kawu. Na tambaya, aka ce dodon koɗi ne. Mu a Fagge gidansa muke ɗauka mu yi wasa da shi, ashe a nan mai gidan ake nema. Barkonon kuwa ya sa hawaye suka jiƙa rawanin Baba har yana ɗiga. Mama ta ce, "Yawwa, ciwo yana fita. Ƙara!"

Yanzu ku natsu, nan ne abin ya faru. Da safiyar Lahadi Kawu zai shiga wanka. Kun san mu ba ma shiga bayi da rubutu, kuma ba ma ajiye shi a ƙasa. Ko guntun takarda muka tsinta a hanya, sai mu ɗaga mu soka a tsagar bango. Kawu ya duba gidan nan kaf, ya nemi wurin da ya fi ko'ina tsayi, ya samu wani katako a saman ƙofar ɗakin girki. Ya ga ma akwai wasu takardu a kai, ya ce a ransa lallai mutanen nan su ma sun san darajar rubutu. Ya ɗora littafin a sama, ya tafi layin famfo, shi ne na tara.

Ni kuwa Mama ta ce ba a zaman banza a gidanta, ko makaho yana da hannu. Ta zaunar da ni kusa da kasko ta dangwara mini tulin takardu a cinya. "Ka yage ɗaya-ɗaya ka ba ni." Mutane suna fitowa daga coci da yunwa, ƙosai yana tafiya kamar ana rabo. Na yi ta yagewa ina miƙawa, har da waƙa. Jarida ta ƙare, aka zo kan wata takarda mai laushi, daidai tafin hannu, ba ka ma buƙatar rabawa. Mama ta yaba. "Wannan takarda mai kyau! Yana shan mai!" Ni ma na ji daɗin hannunta, har na ce a raina kamar mun taɓa haɗuwa. Sai da na yage ta ƙarshe na kai hanci. Warin ɗakin hatsin Inna.

Ihun da na yi ya fito da Kawu da kumfa a kunne. Da ya gane abin da ya faru, ya ɗaura zanen wani, ya bi Sabon Gari layi-layi yana tare duk mai tauna. Wani malamin makaranta ya riga ya share takalmi da shafinsa. Wata mata ta hura wuta da nata. Akuya ta cinye uku a gabansa tana kallonsa. Wani tela ya ɗauka ƙosan ake so a ƙwace, ya cusa shida a baki lokaci guda. Da azahar Kawu ya dawo da rabin shafi ɗaya, mai ya ratsa shi har ana ganin yatsa ta baya.

Mama ta kusa kuka. "Saje, don me ka ajiye a wurin takardar akara?"

"Nan ne ya fi ko'ina tsayi," in ji Kawu.

Ya zauna kusa da ni. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Na ji yana ta shafa aljihun ƙirjinsa, lambobin suna ɗan kaɗawa. Can ya ce, "Bukar, mutum ya ba ni amana da hannu biyu." Tun da aka haife ni bai taɓa kirana Bukar ba. Ranar ko teba ban iya haɗiya ba, kuma wannan karon ba laifin teba ba ne.

Litinin da hantsi muka isa kanti. Mai shi wani tsohon Ba'indiye ne da ake kira Mai Agogo, yana sayar da yadi da agogo da tabarau, yana kuma jin Hausar kasuwa. Ya shigar da ni can ciki inda ba rana, ya warware rawanin, ya buɗe mini ido da yatsa.

"Wayyo. Yaro, kai ɗinki kake yi cikin rijiya?"

Ya jawo faranti cike da tabarau ya riƙa ɗora mini ɗaya-ɗaya. Da na farko na ga Kawu biyu. Da na biyu na ga Kawu ɗaya amma a can Katsina. Muna kan na bakwai tari ya kama Kawu, ya zaro hankici, rabin shafin nan ya faɗo. Mai Agogo ya ɗauka zai jefar, sai ya tsaya, ya ɗaga shi wajen ƙofa.

"Wannan rubutun Japan. Ina ka samu?"

Ashe shekara goma sha takwas ya yi a wani garin bakin teku a can Japan, yana sayen yadi yana turowa. Shekara goma Kawu yana neman mai karanta masa, ashe yana nan tafiyar akuya daga ƙofar gidanmu. Kawu ya ƙame kamar an kira fareti.

"Karanta mini, don Allah."

"Mai ya cinye. Ba ya karantu. Ina saura?"

"An cinye shi da ƙosai."

Agogo arba'in suna ta ƙas-ƙas a bango. A nan ne yatsuna suka fara motsi a kan cinyata da kansu, kamar yadda suke yi in na wanke allo.

"A ba ni takarda da tawada," na ce.

"Kai ba za ka karanta komai ba, ido ya mutu!"

"Ba karantawa zan yi ba. Rubutawa zan yi."

Ya shimfiɗa mini takardar naɗe yadi a kan tebur. Na lumshe ido, na bar hannu ya yi tafiyarsa, kowane harafi kamar ƙwan agwagwa don girma. Tsohuwa da Sanda, Tsani Ya Faɗi, Sarkin Ƙaya. Shafi na ɗaya, na biyu, na uku. Mai Agogo yana bina a baya yana gunguni da yatsa a kan layi.

"Wa ya koya maka?"

"Ba kowa."

"Ka san me kake rubutawa?"

"Ma'ana daga baya take zuwa."

Sai ya fara dariya. Ya riƙe tebur, ya riƙe ciki, tabarau biyu suka faɗi. Kawu ya haɗe rai ya nuna Sarkin Ƙaya. "Malam, a yi hankali, sunan sarkinsu ne a nan."

"Sarki? Saje, wannan kaza! Kaza! Littafin kiwon kaji ne. Nan ya ce yadda za ka gina akurki ya fuskanci rana. Nan ya ce in kaza tana mura me za ka ba ta."

Wata bakwai, jama'a. Ido biyu. Na tuna duk lokutan da Kawu ya gyara zama.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Kurtu, layi biyun nan na fensir, na ƙarshe. Kana da su?"

Ina da su. Sun fi wuya, don hannun mutumin yana rawa lokacin da ya rubuta, ni kuma har rawar na haddace. Mai Agogo ya daɗe a kansu, ya cire tabaransa ya goge ya mayar.

"Ya ce: in na koma gida, kaji ashirin, zakara biyu. Akurki a bayan ɗakin uwata, inda rana take fara sauka."

Kawu ya zauna a kan dilar yadi. 

"Ashe manomi ne," ya ce. "Ni ma gyaɗa nake nomawa kafin a ɗauke ni."

Hukuncin idona bai da tsawo: kwana arba'in ba karatu, bayan haka a tsakar gida da rana, ga tabarau na tara, wanda ya nuna mini Kawu ɗaya a inda yake. Sauran shafukan kuma in zo duk Asabar da safe in rubuta biyu, shi ya fassara. Mama Komfot ta raka mu da ƙosai a kwano, ta ce ta rantse ba za ta sake naɗe wa ɗan Fagge komai a takarda ba. A kan iyaka ɗan dokan nan ya gan ni zaune da tabarau ina cin ƙosai, ya juya baya ya kama gyaran hula.

Baba yana zaure da muka iso, ya miƙo hannu. "Littafin."

Kawu ya ba shi labari tun daga famfo har kaza. Baba ya saurara bai katse shi ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Shafi talatin da biyu, da ka?"

"Da ka, Baba."

"Ba gyara?"

"Ba'indiyen ya ce ɗigo biyu kawai na sha."

Na ga gemunsa yana motsi, ban san ko murmushi ne ko wani abu ba. "Shekara huɗu kana izu goma kana ce mini kanka ba ya riƙewa. Ashe yana riƙewa. Kaji yake jira." Ya ce littafin da ke cikin kai ba ya shiga murhu, amma ran da kwana arba'in suka cika, allona na gaskiya yana jirana, a tsakar gida, gabansa.

Abin da ya faru ke nan, kada a sake tambayata. Masu son ganin Kawu kuma yana bayan ɗakin Inna, inda rana take fara sauka, yana auna ƙasa da takunsa na soja. Ya riga ya samu kaji shida da zakara ɗaya. Ya ce ba zai tsaya ba sai sun kai ashirin da biyu.